GAYYA DA MAI GAYYA: MATSAYIN ƘUNGIYOYIN KIRISTA MASU SAKE GINA MAKARANTU BAYAN YAƘI

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wani irin aiki da ya daɗe a duniya, amma har yanzu bai sami suna tsayayye a Hausa ba, watau aikin da waɗansu ƙungiyoyin Kirista suke yi na tura samari da magina zuwa inda yaƙi ya ratsa, domin su sa hannu a sake tayar da makarantun da aka ƙone. Za a dubi al'amarin ne da idon manomin karkarar Kano ta arewa, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Tsanyawa, a ga abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, idan aka wayi gari irin waɗannan baƙi suka yi sallama a ƙofar dagaci.

Kada a ɗauka magana ce ta nesa. Gaskiya ne wannan karkara ba ta zama fagen fama kamar Barno ba, inda a shekarar 2017 hukumar UNICEF ta ce tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas, an kuma rushe makarantu kusan 1,400. Amma hayaƙin ya iso Kano. An kai hari Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012, an kai wa Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Kano a watan Satumba 2014. A watan Fabrairu 2021, bayan sace 'yan mata a Jangeɓe ta Jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma na bayan gari. A ƙarshen 2025 kuma 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Ɗalibin da zai zama jami'in ilmi gobe, da ma'aikacin da ke zaune a ofishin ƙaramar hukuma yau, ba su da tabbacin wannan takarda ba za ta zo teburinsu ba.

Matsalar suna

Sunan da 'yan jarida suka fi ba irin waɗannan mutane shi ne 'yan sa kai. A asali suna ne mai kyau, har Bahaushe ya ce sa kai ya fi bauta ciwo, ma'ana wanda ya ɗora wa kansa aiki ba shi da bakin kuka. Sai dai kalma takan sake riga. A yau idan aka ce 'yan sa kai a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, ba magina ke zuwa a rai ba, sai matasan da suka ɗauki bindiga don kare ƙauyukansu, waɗanda kuma ake zargi da nasu kashe-kashen. Jami'in da ya je Tsanyawa ya ce zai kawo 'yan sa kai su kwana a makaranta, ya ɓata rawarsa da tsalle tun kafin a fara kiɗa.

Gudummawa ta fi kusa. Idan aka fasa kalmar za a tarar da gudu a cikinta, domin a da idan mahara suka auka wa gari, maƙwabta su ke rugowa su kawo ɗauki. Amma ita ma ta sauka daga kan doki, ta koma kuɗin da ake miƙa wa uwar amarya ko ɗan takara. Kalmar da ta rage, wadda kuma ta fi dacewa, ita ce gayya.

Kowane ɗan karkara ya san dokar gayya, ko da ba a taɓa rubuta ta ba. Mai gona ne yake kira. Shi zai aika da goro wurin Sarkin Samari ko Sarkin Noma, ya sa rana, ya tanadi fura da tuwo, ya ɗauko makaɗa idan da hali. Ranar aiki shi zai nuna iyaka, ya ce daga gawon nan zuwa waccan kuka. La'asar ta yi kowa ya saɓa fartanyarsa ya nufi gida, ba wanda zai dawo da kaka ya ce a auna masa rabonsa. Gonar tana nan ta mai ita, hatsin nasa ne, haka kuma ciyawar da za ta sake tsirowa bayan kwana goma, ita ma tasa ce. Inda aka rasa mai gayya, aka ga mutane kawai sun faɗa gonar wani da noma, to, ko dai aikin tilas ne irin na zamanin En'e, ko kuwa akwai mai shirin cin iyaka. A kan wannan ma'auni za a ɗora sauran bayanin.

Wurare uku

Wannan aiki ya samo asali ne daga Turai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shekarar 1920 wani injiniya mutumin Suwizalan, Pierre Ceresole, ya tara 'yan samari kaɗan daga ƙasashe dabam-dabam, har da Jamusawa, suka je ƙauyen Esnes kusa da Verdun a Faransa, inda aka yi ɗaya daga cikin mafi munin gumurzun yaƙin, suka shiga gina wa mutane matsuguni. Niyyar ba ta da aibi, amma bayan 'yan watanni aka tsayar da aikin, domin zukata ba su huce ba, kuma hukumar yankin ba ta yarda a ga Bajamushe yana yawo a ƙasar da 'yan'uwansa suka ragargaza ba. 'Yan gayya sun zo, mai gona bai shirya karɓarsu ba.

Misali na biyu ya fi daɗin ji. A birnin Biyena na ƙasar Ostiriya akwai wata tsohuwar makaranta ta Kiristoci 'yan Furotesta a dandalin Karlsplatz, wadda ta ƙone a shekarar 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan Furotesta tsiraru ne a ƙasar, ba su da ƙarfin tayar da ita su kaɗai. Daga tsakiyar shekarun 1950 sai ɗariƙu biyu na Amurka, Cocin 'Yan'uwa da Menonait, suka riƙa turo samari jiƙo-jiƙo. Ɗariƙun nan biyu sun haramta wa mabiyansu ɗaukar makami, saboda haka gwamnatin Amurka ta yarda samarinsu su yi aikin taimako a maimakon aikin soja. Suka yi ta kwasar ɓaraguzai da jera bulo da yaɓe har aka gama a 1961. Abin lura shi ne masu makarantar su suka nemi taimako, makarantar kuwa tana hannunsu har gobe, ana karatu a cikinta.

Na uku a gida ne. Ita wannan Cocin 'Yan'uwa ita ce ta kafa mishan a Garkiɗa ranar 17 ga Maris 1923, ta hannun Stover Kulp da Albert Helser, a gindin wata tsamiya. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito, wadda aka fi sani da EYN, mai yawancin mabiyanta a kudancin Barno da arewacin Adamawa, kuma da Hausa take yawancin wa'azinta. Da yawa daga cikin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014 'ya'yan wannan ekklesiya ne. Ranar 29 ga Oktoba 2014, ranar da Mubi ta faɗi, mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi, inda Kwalejin Baibul ta Kulp da makarantar sakandare suke. Ɗalibai da malamai suka fantsama daji, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci, aka lalata gine-gine aka wawashe kaya. Da ƙura ta lafa, mutanen wurin ne suka fara komawa suka share, 'yan'uwansu na Amurka suka tara kuɗi, sa'an nan daga ƙarshen 2016 suka fara turo ƙananan tawagogi su yi mako biyu ko uku suna aikin gini tare da masu gida.

Mai lissafi zai iya cewa kuɗin jirgin mutum ɗaya daga Amurka ya isa a biya birkila na watanni, kuma gaskiyarsa. Baƙon da bai taɓa kwaɓa siminti a zafin Mubi ba, ba zai kamo ƙafar leburan gari ba. Amma wanda aka ƙone wa gida ya san bambancin wanda ya aiko da jaje da wanda ya zo da ƙafarsa, shi ya sa aka ce zuwa da kai ya fi saƙo. Amfanin baƙon yana nan ne, ba a yawan bulon da ya jera ba.

To, sai dai a Biyena da Kwarhi gayyar ta dangi ce, mai gida da baƙo addininsu ɗaya. Tambayar da ta shafi Kano ta fi wannan wuya: yaya za a yi idan baƙon Kirista ne, ƙauyen kuwa na Musulmi?

Abin da Kano ta tuna

Ruwa ba ya tsami banza. Tawagar mishan ta farko da ta iso Kano, ta Bishop Tugwell da Likita Miller a 1900, Sarki Alu bai bar ta ta yi ko mako guda cikin kwanciyar hankali ba, ya sallame ta. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 Lugga ya yi alkawari a Sakkwato ba za a taɓa addini ba, aka kuma tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi na shekaru masu yawa. Ko makarantar boko ta farko da aka buɗe a Nasarawa a 1909, Ɗan Hausa da ya kafa ta tsohon ɗan mishan ne, mutane kuwa ba su manta ba. Ƙofar da mishan ta samu daga baya ta magani ce. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka damƙa wa ƙungiyar SIM kula da kutare a Yadakunya, a 1943 ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau Musulmi suke cika shi, sa'an nan ta kafa makarantu a karkara, kamar ta kwana ta yara maza a Roni, ƙasar Kazaure. Waɗanda suka fi shiga makarantun nan 'ya'yan Maguzawa ne da 'ya'yan majiyyata, waɗansu kuma suka fito Kiristoci. Abin da talaka ya riƙe daga wannan tarihi abu biyu ne a haɗe: maganin mutanen nan yana ci, amma a sa ido a kan yara.

Abubuwan da suka biyo baya ba su rage wannan tsoro ba. Zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, a watan Oktoba 1991, ya jawo tarzomar da aka yi asarar rayuka da yawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200 a Kano, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Ba 'yan mishan ba ne suka yi wannan, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan na cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, ba ta dawo ba sai a Yulin 2004. Ma'aikacin da ya ɗauki wannan zargi a kan jahilci kawai, bai karanta tarihin jiharsa ba.

Amma kuma wanda ya ce addini ya hana karɓar irin wannan taimako, shi ma bai karanta nasa ba. Sahabbai sun sami mafaka a Habasha a wurin Najjashi, sarki Kirista. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa bayan Yaƙin Badar, fursunonin Makka da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an yarda kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu a sake shi. Ga makaranta bayan yaƙi, malamanta ba Musulmi ba, kuma ba maƙwabta masu neman zumunci ba, abokan gaba ne na jiya. Abin da ya sa ta yiwu shi ne an san mai gari, an san abin da za a koyar, an san ranar gamawa. A zamanin nan ma an gwada. A Gurku ta Jihar Nasarawa an kafa matsugunin 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista tare, da masallaci da coci da makaranta, a Mubi kuma EYN ta daɗe tana aiki da wani kwamitin sulhu na malaman addinan biyu.

Aikin mai gayya

Abu na farko da baƙo ba zai gane ba shi ne ƙasa. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, abin da Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960. A nan babu saura, babu dajin Allah. Kowace gona ana noma ta shekara da shekara, da takin da ake kwasowa daga turke da juji, a da har daga cikin birni a kan jakai. Kowace ɗorawa da mai ita, kowane kududdufi da wanda kakansa ya haƙa. Saboda haka idan za a faɗaɗa filin makaranta ko da taku ashirin ne, daga cikin abincin wani gida za a yanka. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar ƙasar karkara don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. A takarda wannan ya wadatar. A ƙauye bai wadatar ba, domin gonar gado ce, magada suna da yawa, waɗansu suna Legas, wata tana aure a Kazaure. Idan aka karɓe gonar da ƙarfin doka, aka kuma ga Kiristoci ne suke gini a kanta, ba za a ce hukuma ta ƙwace ba, za a ce an ƙwace an ba 'yan mishan. Wannan magana kuwa in ta fita ba ta dawowa. Ya zama tilas a gama zancen fili tun baƙi ba su taso ba, a gaban dagaci da liman da magada duka, ko ta hanyar saye, ko musanya, ko wakafi, a rubuta da boko da ajami, kowa ya sa hannu. Ko tsohon harsashi za a bi, a sake auna iyaka, domin makarantar da ta yi shekara biyu a rufe, da wuya a tarar maƙwabta ba su matso da kunya biyu ko uku ba.

Lokaci ma na mai gida ne. Daga faɗuwar ruwa zuwa girbi ba mai barin gonarsa don ginin gwamnati. Bayan an kai amfani gida kuwa samari sukan tafi cin rani. Tsakanin nan ne, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, ake da hannu da abinci da ruwan kwaɓi a kududdufi, kuma a gama rufi kafin guguwar bazara, wadda ta fi kowane ɗan bindiga yaye kwanon makarantu a wannan yanki. Maginan gari da kafintoci a ɗauke su aiki a biya su haƙƙinsu, su ne shugabannin aikin, baƙi su bi bayansu. Abincin rana kuma ya fito daga gidajen gari ko da baƙi sun zo da guzurinsu. Ƙauyen da ya ciyar da 'yan gayya ya san ginin nasa ne, wanda kuwa aka yi wa komai yana kallo, ranar da taga ta ɓalle zai zauna jiran Bature.

Sai zancen da kowa yake kauce wa, na addini. Kunya ba ta da amfani a nan. Waɗansu ƙungiyoyin, irin Menonait da 'Yan'uwa, sun saba raba aikin taimako da wa'azi, waɗansu kuwa ba su raba ba, ba sa ma ɓoyewa. Aikin jami'i ne ya tambaya tun farko, a rubuta amsar. Baƙi su yi ibadarsu a masaukinsu ba mai hana su, a tsayar da aiki ranar Juma'a da ranar Lahadi. Ba raba littattafai ga yara, ba ɗaukar yaro zuwa wani gari da sunan karatu sai da yardar iyaye da sanin hukuma, ba ɗaukar hoton 'yan mata ko shiga cikin gida ba izini. Makaranta ta ci gaba da amsa sunanta na da. Ƙungiyar kirki ba za ta ji haushin waɗannan sharuɗɗa ba, hasali ma sun fi kare ta. Akwai kuma waɗanda suka fi kowa bukatar a yi wannan yarjejeniya a fili, su ne Hausawa Kirista na ƙauyukan Kano, jikokin Maguzawan da aka ambata. 'Ya'yansu suna aji ɗaya da na Musulmi, gonakinsu suna iyaka da juna. Baƙo raɓa ne, zai hau mota ya tafi. Idan aikin ya bar ɓacin rai, a kansu zai sauka, alhali ba a ko shawarce su ba. Ya kamata a ba su kujera a kwamitin aikin a matsayinsu na 'yan gari, kada a mai da su tafintocin baƙi kawai.

Tsaron baƙi ba sai an tsawaita ba. A 2012 an sace wani injiniya Bajamushe a bakin aikinsa a Kano, ya mutu a hannun waɗanda suka kama shi, a Fabrairun 2013 kuma aka harbe ma'aikatan allurar shan inna tara a cikin birni. Inda ba za a iya lamunce ran baƙo ba, gara a ce masa ya dakata, ko a gayyato na kusa, daga Jos ko Wusasa ko Sabon Gari, waɗanda suke jin Hausa kuma ba a tsinto su daga nesa.

Abin da ya rage shi ne ciyawar da ke tsirowa bayan an watse. Gini ba shi ne makaranta ba, kuma Nijeriya ta ga haka tun 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta jera azuzuwa a ƙauyuka, yara suka cika su, malamai ba su isa ba. A watan Yuni 2024 gwamnatin Kano da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ta kuma faɗi cewa ɗaruruwan makarantu malami ɗaya ne yake riƙe da su. Ba wata ƙungiyar coci da za ta biya albashin malami shekara talatin, bai ma kamata ta biya ba, domin mai biyan malami shi ne mai makaranta. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta bar firamare a hannun hukumar ilmi ta jiha da ta ƙaramar hukuma. Saboda haka kafin a haƙa harsashi, sakataren ilmi ya sa hannu a takardar tura malamai, da sunayensu da ranar kama aiki. A cikin tsarin ginin kuma a sa ɗakin kwanan malami, don kada ya riƙa tasowa daga birni yana isowa da hantsi, a sa rijiya, a sa makewayi na 'yan mata dabam da na maza, domin rashinsa kaɗai ya isa ya sa uba ya cire 'yarsa daga aji biyar. Makullan kuma, ranar da baƙi za su tafi, a miƙa su ga shugaban kwamitin iyayen yara a gaban dagaci da hedimasta.